Bindigogin Ammi Othman

Asabar, 2 ga Oktoba, 1999
Abdulwahid, babban ɗan kafilina Ammi Othman, maigidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa ina masa direba, ya zo gidan Abhur da azahar. Ya leƙa mahaifinsa, ya fito ya same ni a ɗakin bindigogi ina gogewa. Ya ce tunda tsoho ba ya magana, ba ya motsa ɓarin dama, bindigogin nan biyar za a sayar wa mai lasisi. Da sun tafi za a rufe gidan, a mayar da tsoho gidansa shi Abdulwahid. Na ce ni fa? Ya ce, "Halas, shi ke nan, Ammi Badaru, za mu gani." Na san irin wannan ganin.

Ya ce in kimanta masa kuɗinsu, tunda ni ke riƙonsu tun yana makaranta.

Talata, 5 ga Oktoba
Na shimfiɗa su a kan bargo. Duka shozan ne, irin waɗanda ake jan katakon ƙasa baya a mayar harsashi ya hau. Uku na da kyau, ƙarfensu bai koɗe ba. Ɗaya gindinta ya tsage, ni na liƙe shi shekarun baya. Doguwar nan da Ammi Othman ya fi so, wadda muke fita harbin kurciya da ita bayan gari, iskar teku ta ci cikin bututunta. Daga waje ba a gani.

Na ninka wa Abdulwahid farashin sau uku. Ya yi murna. In ba su sayu ba, gida na nan, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, na nan.

Juma'a, 8 ga Oktoba
Na je wajen iyalina a unguwar Waziriyya. Ban faɗa wa matata Rabi'a ba, amma ta gane. Ta ce, "Malam, tuwon ne bai yi ba ko kai ne?" 'Yarmu Jamilatu na ta labarin gidan da take yi wa ɗinki, rabin maganar Larabci. Ta ce min abuya, wato baba, na amsa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin garinmu Azare ba, ina zan kai ta?

Litinin, 11 ga Oktoba
Mai saye na farko. Ya ji farashi, ya yi dariya, ko shayi bai sha ba.

Alhamis, 14 ga Oktoba
Na biyu da na uku. Sun tafi. Ya kamata in ji daɗi. Ban ji komai ba.

Laraba, 20 ga Oktoba
Abdulwahid ya kawo dillali, Mahmudu, Bahaushen Sudan. A gaban Abdulwahid dubawa kawai ya yi. Ya ja kowace ya saurari ƙarar, ya duba lambar jikinta, ya murza gindi. Da muka fito zaure ya ce min da Hausa, "Yaya, tsufa kaɗai ba ya sa wa bindiga kuɗi. Sai an ga ba a taɓa sauya mata komai ba, ga ciki fes. Kai ma ka sani." Na ce na sani. Ya ce shi ba zai tona ni ba, amma wani zai leƙa bututun wata rana.

Na tambaye shi ko ya san mai neman direba. Ya kalli furfurata. Ya ce zai tambaya.

Lahadi, 24 ga Oktoba
Na je gidaje biyu a nan Abhur neman aiki. Duk matashi suke so. Na dawo na aske wa tsoho gemu. Na ba shi labarin ranar da mota ta kafe mana a yashi, muka gasa abin da muka harbo. Idonsa a kaina, miyau na zuba, na share. Ban san ko yana ji ba. Matar da ke jinyarsa ta ce ɗakin nan ya fi ƙarfinta, wanka ma sai ta kira ni, can gidan ɗansa akwai jikoki, asibiti kusa. 

Litinin, 1 ga Nuwamba
Tsoho ya faɗo daga gado da hantsi, ina can ina shafa wa bindiga mai. Goshinsa ya fashe. Motar asibiti ta daɗe kafin ta iso nan. An ɗinke, an dawo da shi.

Ba ni da abin rubutawa.

Asabar, 6 ga Nuwamba
Mahmudu ya kawo wani dattijo daga Ɗa'if, da takardunsa. Ya ɗauki doguwar yana yabawa, har ya fara taya ta da kyau. Ban san lokacin da na karɓa na juya masa bututun wajen taga ba. Na ce ya leƙa. Na nuna masa tsagin ɗayar ma. Abdulwahid ya dube ni, ya dube ni. An daidaita a abin da suka kai. Gobe za a je sauya lasisi, jibi a ɗauki tsoho.

Na biyo ta unguwar Madain Fahd. Akwai shagon akwatunan ƙarfe, irin na masu komawa gida, kusa da inda ake hawa mota. Tsayawa kawai na yi, kallo. Shuɗin ya fi ƙwari, kuma zai ci keken ɗinkin Jamilatu in an kwance ƙafafun.