Ciyawar Bayan Ragar Gabas

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a jikin buhun taki na koyi baƙaƙe.

Bayan haka, filin ƙwallon da nake kula da shi yana mutuwa. Tun da aka haƙa sabon burtsatse, ruwan ke fitowa da ɗanɗanon gishiri. Ciyawa takan fara ƙonewa daga bakin ganye kamar an gifta mata ashana, ta yi ja, ta kwanta. Ina ba ta ruwa, ƙishirwa na ƙaruwa. Shekara talatin da huɗu ina aikin nan, ban taɓa ganin haka ba.

Shugaban kulob ya ce Litinin ta sama tarakta za ta kwashe komai, a shuka irin da ofishinku na bincike ya zaɓa. Na ce a kwashe, amma ban da ta bayan ragar gabas. Ya ce, "Baba, wannan mai kaushi kamar tsintsiya?" Na ce ita fa. Ita kaɗai ce kore shar har yau.

Kina goye lokacin da ta zo. A bayan siton da ake barbaɗa wa fatu gishiri na same ta, inda ruwansu ke kwarara, ba abin da ke fitowa sai ita. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita ta ɗauko saiwoyin a daro. Ciyawar nan tofar da gishiri take yi ta ganye. In rana ta ɗaga nakan lasa, ina jin sa a harshe. 'Yan wasa har Baba Akuya suke ce mini.

Ga ta nan a kwali na ba direba. Ki auna, ki gaya musu.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yara na tambayar ka.

Abin da ka gani a fili haka yake. Gishiri na hana saiwa jan ruwa, shi ya sa ciyawa ke bushewa alhali ƙasa na jiƙe. Kuma akwai irin da ke fitar da gishiri ta ganye. Sai dai na auna taka sau biyu, ban samu komai a kan ganyen ba. Wataƙila inuwar katanga ce ke raya ta, ko bututun famfo na yoyo a ƙarƙashi. Ba zan iya sa hannu a tsayar da tarakta ba in babu hujja, ko da kai ne.

Don Allah ka daina lasar ciyawa, ka tuna da hawan jininka.

Tambaya ɗaya. Ban taɓa karɓar samfuri mai tsabta haka ba, ko ƙura babu. Me ka yi mata kafin ka sa a kwali?

Ka huta lafiya.
Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Takardarki ta zo, ban ji daɗinta ba.

Wace katanga? An rushe ta shekarar da kika karye a hannu. Bututun kuwa ni na tone shi da kaina da aka yanke ruwan famfo, yana nan bayan ɗakin kaya ya yi tsatsa. Filin nan babu taku ɗaya da ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Batun tsabta kuma, to, wanke ta na yi. Sau uku, a bokiti, na shanya a kan tsumma. Ofis zan aika, inda ake ce miki Dakta. In aiko miki da datti a buɗe a gaban mutane, a ce daga ubanki? Sai da na karanta tambayarki na je na lashi ragowar da na wanke. Salam, ba gishiri. Na daɗe zaune a benci.

Ga wata. Da tsakar rana na yanka da almakashi, hannuna bai taɓa ganyen ba, na ɗaure a leda. Har kashin tsuntsu akwai a ciki, ku ji da shi.

Litinin zan kai kujerata bayan raga in zauna. Mai tarakta ya ce zai kwashe ni tare da kujerar. Na ce ya zo da man da zai ishe shi.

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka da aiki. Akwai gishiri a ganyen, da yawa, har ana ganin ƙyallinsa a madubin awo. Ogana bai yarda ba sai da ya lasa. Na kira shugaban kulob: za a kwashe filin, a bar bayan raga, mu gwada ta wata uku tare da irinmu. A takarda dole a sa mata suna. Me kake ce mata?

Auta.

*

Auta,

Lafiya lau. Tarakta ta zagaye ta. Kujerar dai na kai, don ko ta kwana.

Ki rubuta Daro. Da mahaifiyarki na nan, da ta gane.

Mahaifinki.