Asabar Goma Sha Ɗaya da Ban Amsa Kiranka Ba

Zuwa ga Kawu Bukar, Gashua.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina rubuto maka ne daga Nguru, kwana arba'in da uku bayan mun kai ka makwancinka. Na san wasiƙa ba za ta iske ka ba. Amma kai ka koya mini cewa mai rediyo yakan yi kira ko bai san akwai mai sauraro ba.

Saboda masu karantawa da ba su san harkarmu ba, bari in yi bayanin da kai ba ka bukata. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki da muke da lasisin yin magana ta rediyon gajeren zango daga gidajenmu, don sha'awa kawai. Kowa yana da lambar kiransa. Idan mutum biyu suka haɗu a iska, kowanne yakan faɗa wa ɗan'uwansa yadda yake jin sa. Biyar da tara shi ne maki mafi girma, wato murya tas, da ƙarfi. Sai kowa ya rubuta a littafinsa.

Na haura shekara talatin, ina aikin jarida, lokacin da ka ja ni cikin wannan harka. Ka zo Nguru da kanka da naɗin wayar eriya a buhu, ka tsaya a tsakar gidana kana auna tazarar da ke tsakanin darbejiya da katanga da taku. Da na kawo awon tela, ka ce, "Ɗan boko, ajiye wannan. Ƙafata ta girme shi." Da muka gwada daga baya, kuskurenka bai kai kamu ɗaya ba.

Tun daga ranar muka yi ƙa'ida: kowace Asabar bayan la'asar, kai daga Gashua, ni daga Nguru, a zangon mita arba'in. Kana ba ni labarin inda ruwan kogi ya kai, da ko masunta sun samu, da yadda shinkafar fadama ta yi a Katuzu. Ni kuma in karanta maka abin da na tsinto na masu rediyo a wasu ƙasashe. Ba ka taɓa ba ni biyar da tara don kara ba. "Yau biyar da shida kake, Lawan. Ko dai ba ka ci abinci ba?"

Kana da doka guda da ba ka sassautawa. Ba a rubuta maki a littafi sai an ji kuma an amsa. Kira ba amsa, a wurinka, ba haɗuwa ba ce.

A farkon daminar bana iska ta karya reshen darbejiyar, wayar eriyata ta faɗo. Aikin awa biyu ne. Na naɗe ta na jefa a bayan ɗaki, na ce sai an ɗauke ruwa. Na buga maka wayar hannu na ce mu riƙa gaisawa ta nan kafin in gyara. Ka ce, "Wannan ai kowa ma ya iya. Ni ta iska nake son jin ka." Na yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Gaskiyar ita ce, a lokacin na riga na koma intanet. Ni ke haɗa wa zaurenmu na masu rediyo a wayar hannu labarai duk mako: wace gasa ke tafe, wane zango ne zai buɗe, wane shafi ne ke koyar da haɗa eriya da kayan gida. Ana yaba mini. Na zama mai ba da labarin rediyo wanda rediyonsa ke lulluɓe da tsumma.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Akwai shafuka da mutum zai shiga ya saurari gajeren zango ta na'urar da wani ya kafa a wata ƙasa. Sauraro kawai, babu halin magana. Wata Asabar ina ofis, aiki ya tsare ni, sai na buɗe ɗaya daga cikinsu na murɗa zuwa inda muke haɗuwa. Ba komai nake nema ba. Sai ga muryarka. Ka kira lambata sau uku, a hankali, kana rarrabe haruffan kamar yadda ka saba. Ka saurara. Ka sake. Daga nan ka ce, "To, Lawan bai fito ba. Gashua ta rufe."

Wayar hannuna tana kan tebur, Kawu. Da na so, da na ɗaga na ce na ji ka. Kunya ta hana ni, don sai in faɗa maka ta inda na ji. Na ce a raina Lahadi zan hau bishiyar. Asabar ta zagayo ban hau ba, na sake shiga shafin, na sake jin ka. Sau huɗu na yi haka. Daga na huɗun ban ƙara buɗewa ba, kuma ba don na gyara wayar ba.

Ranar sadakar uku matarka, Inna Falmata, ta kira ni ɗakinka ta miƙo mini littafinka na rediyo. Ta ce ko ranar da zazzaɓin ya fara kayar da kai sai da ka sa aka jingina ka da bango ka kunna rediyon. Ta ce ta yi maka faɗa, ka ce mata, "In ya gyara yau fa, ya fito bai same ni ba?"

Na ƙirga a mota a hanyar komawa Nguru. Layi goma sha ɗaya, da rubutunka mai kwanciya. Kwanan wata, lokaci, lambata. Gurbin maki babu komai. Ba ka rubuta ƙorafi ko ɗaya ba. Na duba gefen shafi, na duba bayansa, ina neman inda ka yi fushi, don da na samu da na ji sauƙi.

Ka san al'adarmu idan ɗayanmu ya rasu. Ana haɗuwa a iska, a kira lambarsa sau uku, kowa ya yi shiru, sannan a sanar cewa wannan tasha ta rufe har abada. Malam Gana na Jajimaji, ɗaya daga cikinmu, ya ce ni ya kamata in yi kiran, tunda ni ne ɗanka a harkar. Bai san komai ba. Na so in ƙi. Sai na ga idan na ƙi, ta zama Asabar ta goma sha biyu.

Na hau darbejiyar ranar Juma'a da safe. Awa ɗaya da rabi ya ɗauke ni.

Jiya bayan la'asar na kira ka. Na ɗaya, muryata ta fita daidai. Na biyu ma haka. A na uku na saki maɓallin magana, sai wannan shuuu ɗin iska ya cika ɗakin, na zauna ina jira, alhali na san babu mai zuwa. Minti ɗaya ne kawai. Kai ka zauna cikinsa sau goma sha ɗaya, kuma kai kana sa rai.

Na ɗauki biro na buɗe littafinka zan cike guraben nan. Na mayar da murfinsa. Dokarka ce, kuma ban amsa ba. Za su zauna yadda ka bar su.

Amma rahoton da na riƙe maka, ga shi a gaban kowa. Sau huɗu na ji ka, Kawu. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Biyar da tara.

Ya Allah ka gafarta wa Bukar, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya yi kira a duniya an bar shi da shiru. Ya Allah, kai mai amsawa ne, kada ka bar shi yana jira. Ka ba Inna Falmata haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, ka sa shi ma ya yafe.

Nguru ta rufe.

Ɗanka,
Lawan