Ku Zo da Magani, Ku Bar Hatimi a Gida

Yeongju,
4 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Hyesuk,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Ki yi mini godiya wurin maigidanki da ya sama mini aikin nan a kamfanin inshora.

Sati uku ke nan ina zagaya ƙauyuka ina yi wa tsofaffi bayanin inshorar lafiya. An gama cirar tuffa, don haka kowane zauren tsofaffi cike yake. Kamfani ya ba ni jaka: majigi, lasifika, sabulun rabawa, jar tawada, da wani ɗan kwando. Manaja Seok ne ya koya mini aikin, kuma ya iya. Ya ce in zauna a ƙasa kamar su, kada in tsaya a kansu. In kaurara murya, don kunnen tsoho ba ya kama siririya. Kada in wuce minti ashirin. Na gwada, duk haka ne.

Kwandon ne ya dame ni. Idan aka kawo shayi da wainar shinkafa, sai in zagaya da shi kowa ya jefa hatiminsa, wanda ake bugawa a madadin sa hannu, in cika musu fom in buga, su kuwa suna ta ci.

Kin san shekara goma sha tara na yi ina gyaran kurakurai a jarida kafin ta rufe. Idona ba ya tsallake ƙaramin rubutu. Shafi na biyu yana tambaya ko mutum yana da wata cuta. Shafi na tara, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, ya ce wanda ya ɓoye cuta ba za a biya masa asibiti ba.

A ƙauyen Solgol na tambayi wata Kaka Bong, mai shekara saba'in da takwas, wadda da ƙyar take miƙewa. Ta ce, "Ni? Lafiyata lau. Ki tambayi ragon can, Eom, shi ne kullum a asibiti." Baba Eom ya ce, "Ke nake rakawa, tsohuwar kawai!" Da na matsa, ta ce hawan jini da ciwon gwiwa ai tsufa ne, cuta sai wadda ta kwantar da mutum. Su goma sha tara duk haka suka amsa. Ban fito da kwandon ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Miran.

Yeongju,
11 ga Nuwamba.

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin Daegu bai tsananta ba. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Kin ce in yi haƙuri, in yi yadda kowa yake yi, kada in zubar da mutuncin maigidanki a idon wanda ya yi masa alfarma. Na ji. Ba zan yi ba.

Manaja Seok ya riga ki faɗa. Ya ce, "Malama Pyo, ke likita ce? Sun ce lafiyarsu lau, ki rubuta lafiya lau. Bakinsu ne, hatiminsu ne." Na ce hannun da zai buga kuma nawa ne. Ya ce ranar Juma'a zai bi ni Solgol, ko in dawo da fom ɗin nan da hatimi, ko in mayar da jaka.

Ba maƙaryata ba ne mutanen nan, Yaya, kin fi ni sani. Ki tuna Umma. Likita yana riƙe da hoton ƙirjinta, ya tambaye ta jiki, ta sunkuya ta ce da sauƙi, kada ya wahalar da kansa. Haka aka rene su, ba a kai wa baƙo kukan ciwo, balle a gaban maƙwabta. Wanda ya tsara fom ɗin nan ya san haka. Kaka Bong saboda gwiwarta take son inshorar. Idan na buga mata "babu", ranar da za a yi mata tiyata za su buɗe shafi na tara su ce ta yi ƙarya.

Don haka na daina tambayar cuta. Na sayi gilashin ƙara girman rubutu guda ashirin. Na kuma roƙi dagacin Solgol ya yi shela da lasifikar gari: ranar Juma'a kowa ya zo da duk maganin da yake sha, ya bar hatimi a gida. Ya yi dariya ya ce shekara tara yana shela, bai taɓa jin mai inshora ya ce a bar hatimi ba.

Kada ki sake rubuto mini in yi haƙuri. Ina ƙaunarki, amma amsar ba za ta sauya ba.

Taki,
Miran.

Yeongju,
16 ga Nuwamba.

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga yadda aka ƙare.

Sun zo, kowa da ledarsa. Na ajiye kwandon a tsakiyar zaure na ce a zuba. Ƙunshin safe, na rana, na yamma, kowanne da sunan mai shi, har suka zubo ƙasa. Na Kaka Bong iri biyar ne. Baba Eom ya ɗaga su ya ce, "Jama'a, ku ga kayan mai lafiya lau!" Ta ce, "Ajiye mini, naka ma ai buhu ya kamata."

Na raba gilasan, na ce a buɗe shafi na tara, na fara karantawa a hankali. Dariya ta ɗauke. Manaja Seok, wanda yake zaune kusa da ƙofa, ya miƙa hannu ya zare wayar lasifika. Na kaurara murya kamar yadda ya koya mini, na ci gaba har ƙarshen shafin. Kowa ya ji.

Kaka Bong ta ajiye gilashi ta dube shi. Ta ce, "Ɗan nan, mahaifiyarka tana da rai?" Ya ce tana nan. Ta ce, "Ita ma a kwando take jefa hatiminta?"

Mutum biyu kacal inshorar ta dace da su. Sun je gida sun ɗauko hatimi, sun buga da hannunsu. Sauran na gaya musu gaskiya: akwai irin wadda ake yi wa masu hawan jini, su nemi ita, su kuma faɗi kowace ƙwaya da suke sha.

A tsakar gida Manaja Seok ya karɓi jakar, da majigi, da lasifika, har da ragowar sabulu. Kwandon ne bai samu ba, Kaka Bong ta cika shi da tuffa ta ɗora mini a hannu, shi kuma bai iya cewa ta juye ba.

Ba ni da aiki, kuma sanyi ya shigo. Ba zan ce miki ban ji tsoro ba. Amma gilasan nawa ne, ba wanda zai karɓe su. Ranar Alhamis zan koma Solgol, za su fito da tsofaffin takardun da suka buga wa hatimi a baya mu karanta tare. Ki gaya wa maigidanki ban ba shi kunya ba.

Na sa gilashi guda a cikin ambulan ɗin nan. Bara kin ce mini kin yi inshora. Ƙafar nan da kullum kike ce mini ba komai, me kika amsa a kanta a shafi na biyu? Ki ɗauko takardar yau, ki buɗe shafi na tara.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Miran.