Fiɗiyar kyanwar Inna

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Agadas? Ya ƙafar maigidan, da sauƙi? Mu nan Dakoro lafiya lau, sai gajiya.

Issufu mijina yana nan yadda kika san shi. Sauran likitocin dabbobi suna kasuwar shanu, shi kuwa ya cika mini gida da majinyata, ga aku mai karyayyen fiffike, ga kunkurun da amalanke ya taka. Ni ke shara.

Kyanwar marigayiya Inna ta sake haihuwa, ƴaƴan suka mutu, ita ma ta rame ƙwarai. Issufu ya ce in ba a cire mata mahaifa ba, haihuwa ta gaba za ta kashe ta. Ana cikin aikin Kawu Sani ya iso daga Sabon Maci, ya ce, "Issufu, bunsuru ake yi wa fiɗiya don ya yi ƙiba. Wannan in ta yi ƙiba, wa zai ci?"

Issufu bai ɗago kai ba ya ce, "Ba don a ci ba ne, Kawu, don ta huta ne."

Ni ke riƙe da kyanwar, sai ga hawaye a idona. Ta warke, tana kwanciya inda Inna ke shimfiɗa tabarma.

Ki gai da yara. Ki sa ni a addu'a, Yaya, ni ma in samu in huta.

Ƙanwarki,
Hadiza