Ku Maido wa Mahaifina Gwaggo Mai Gyaran Jirgi

Zuwa ga Shugaban kamfanin fassara finafinan ƙetare, wanda wakilinsa ke da shago a Tudun Wada, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Sunana Saratu, malamar firamare ce ni a Unguwar Rogo. Na kira lambar ofishinku har na gaji, na je wurin wakilinku sau uku. Tun da ba a saurare ni a ɓoye ba, na zo in faɗa a bainar jama'a.

Mahaifina, Malam Mamman, bakanike ne. Ya ƙare ƙarfinsa yana gyara injunan ban ruwa na manoman shinkafa a fadama. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma kalma ɗaya ko biyu a yini. Abu guda ne ke sake masa harshe, wato tsohon fim ɗin nan da mu a nan muke ce wa Jirgin Iri, wanda kamfaninku ya fassara tun ina 'yan mata.

Ka san labarin, amma bari in tuna maka. Ƙasa ta daina ba da amfani, sai aka ɗora sauran irin hatsi a wani tsohon jirgin sama jannati, mutum bakwai suka nufi wata duniya da shi. Jirgin kullum cikin lalacewa yake. Mai gyaransa wata tsohuwa ce da mai fassararku na wancan lokaci ya raɗa wa suna Gwaggo. Yatsunta biyu a guntule suke, kuma har fim ya ƙare ba ta faɗi dalili ba. Idan inji ya canza kuka, sai ta ɗora sifana a jikinsa, ta kara kunne, ta faɗi inda ciwon yake. Haka Baba yake yi tun kafin a haife ni. Duk lokacin da aka zo wurin nan sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ta iya." Wata rana har ya yi mini bayanin abin da take saurare, da jimla cikakkiya. Na shiga ɗaki na yi kuka, don rabona da jin dogon zance daga bakinsa tun ranar da ya faɗi.

Bayan ƙaramar Sallah katin wayar da fim ɗin yake ciki ya lalace. Na je shagon wakilinku a sake tura mini. A nan ne abin ya fara, kuma ga ƙorafina dalla-dalla.

Na ɗaya. Wakilinku ya ce mini an fitar da sabon fim mai ba da tushen labarin, tun Gwaggo tana budurwa, kuma wai wanda bai kalle shi ba bai san Jirgin Iri ba. Na karɓa da murna, na kai gida, na gyara wa Baba matashi, na kunna. Ranka shi daɗe, ban ga tushe ba. Tsohon fim mutane ne a cikinsa, suna jin yunwa, suna gardama a kan ko a ci irin ko a haƙura a kai shi. Sabon kuwa walƙiya ce da harbe-harbe daga farko har ƙarshe. Jirgin da ya kamata a ce ya fi na tsohon fim tsufan fasaha, tun da labarinsa ya riga, sai ga shi yana sheƙi, ko ɗigon baƙin mai babu. Ba wanda ya zauna ya ci abinci. Ban riƙe sunan mutum ɗaya ba.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Sabon fim ya ce wai Gwaggo ba koyon gyara ta yi ba. Wai wata 'yar mitsitsiyar na'ura aka dasa mata a ka tun tana ƙarama, ita ke gaya mata ciwon inji. Ke nan kara kunnen nan duk banza ne. Shekarun da muka ɗauka ta yi tana ƙona hannu, tana kuskure, tana sake gwadawa, an share su da abu kamar ƙwayar gero. Sa'ad da aka nuna wurin na waiwaya na dubi Baba. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Wagga ba ita ta ba." Ya juya fuskarsa bango. Ranar ko furar da yake so bai sha ba.

Har yatsun ma ba su bari ba. Mu a gidanmu mun yi shekaru muna gardama a kansu. Inna ta ce haɗari ne, Baba ya ce bel ɗin inji ne, don ya ga irin haka a fadama. Gardamar nan tamu ce, muna jin daɗinta. Sabon fim ya zo ya ce a wurin faɗa aka sare su, a cikin ƙiftawar ido, aka wuce. Wa ya tambaye su?

Na uku. Na san ba ku kuka shirya sabon fim ba, mutanen wata ƙasa ne, kuma ba su san da mu ba. Da a nan abin ya tsaya da na goge shi na yi shiru. Amma da na koma na ce a ba ni tsohon, sai aka ba ni wani abu da kuka sa wa suna kashi na biyu. Hoton na tsohon ne, muryar ba ita ba ce. Kun cire dattijon da ya yi fassarar farko, mai magana a natse, kun sa wani mai ihu da barkwanci. Kuma kun cusa maganar da babu ita a da. A daidai inda Gwaggo take kara kunne, inda a da ba a jin komai sai kukan inji, yanzu an sa mata a baki wai na'urar kanta ta yi magana. Wannan ba aikin mutanen ƙetare ba ne. Aikinku ne, don sabon kayanku ya shiga.

Na huɗu. Wakilinku ya tabbatar mini daga ofishinku aka ba da umarnin a goge tsohuwar fassara a duk shagunan da ke hulɗa da ku. Na zaga har Ƙofar Dundaye, shago bayan shago, amsa ɗaya. A zuwana na uku ya yi dariya a gaban mutane, ya ce, "Malama, fim ne fa, ba gado ba." Na ce masa mahaifina ba ya da lafiya. Ya ce in saya masa rediyo.

Yau wata biyu ke nan. Likita ya ce mu riƙa jan Baba da hira don kada harshen ya ƙara mutuwa. Muna yi. Inna tana zama kusa da shi tana ba shi labarin jirgin da ka, amma tana mantuwa, shi kuma ba ya iya gyara mata, sai dai ya runtse ido. Maganarsa ta ragu, ina gani da idona.

Ga abin da nake roƙo. Ku fito da tsohuwar fassara yadda take, da muryar dattijon nan, ba ƙari ba ragi, ku bar ta a shaguna kusa da sabuwa, mai so ya zaɓa. Ku cire mata sunan kashi na biyu, don ba ta bin bayan kowa. Ku ja wa wakilinku kunne a kan yadda yake magana da mutane. In kuwa duk wannan ya yi muku nauyi, to ku turo kwafi ɗaya tak shagon Tudun Wada da sunana. Zan zo da ƙafata in karɓa, in yi godiya, ba za ku sake jin muryata ba. Sai dai ku hanzarta, don mutumin da nake nema wa ba ya ƙara ƙarfi.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi albarkaci sana'arka, shi ba iyayenka lafiya in suna raye, shi jiƙan su in sun rigaya.

Wassalam.

Saratu ɗiyar Malam Mamman,
Unguwar Rogo, Sakkwato.