Ƙafar Haladu

Haɗeja,
Oktoba, 1955.

Zuwa ga Yaya Baƙo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya baƙunta a Zariya? Iya tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ruwa ya fara ja da baya, shinkafar fadama ta yi kyau, sai dai tsuntsaye sun hana kowa zama.

Yaya, tun da ka tafi ka bar mini shugabancin ƙungiyar ƙwallonmu ban sami sukuni ba, kuma maganar Haladu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san kurkunun da ya fito masa a ƙafar dama da damina. An naɗe shi a tsinke har ya fita, miki kuma ya rufe. Ranar da ya dawo fili har masu kifi suka bar kwandunansu suka zo kallo. Amma ni da nake bayansa ina ba shi ƙwallo na ga abin da ba su gani ba. Na tura masa ita gaba kaɗan yadda na saba, inda a da kafin ta tsaya ya riga ya isa. Sai ya tashi a makare, mai tsaron baya ya ɗauke abarsa a tsanake. Na sake, haka dai. Ya juyo ya ce, "Gwadabe, ƙafarka ta yi ƙarfi yau." Na ce haka ne, alhali na san ba ƙafata ba ce.

Ga kuma wani saurayi da ya shigo cikinmu, Ja'afaru, mutumin Auyo, yana cikin masu gyaran hanya. Gudu gare shi kamar an biyo shi, ƙafarsa ta hagu kuma ba ta da tausayi. Mai tsaron gidanmu har ya fara roƙonsa ya rage ƙarfi a wurin gwaji.

'Yan Nguru za su zo mana bayan girbi a kan kofi, kuma ka san bara sun wulaƙanta mu. Wa zan sa a tsakiyar gaba? Haladu mijin Yaya Asabe ne, ya girme ni, shi ya fara sa ni a fili, kuma duk sunan da garin nan ya yi a ƙwallo da ƙafarsa aka yi shi. Da wane baki zan ce masa ya zauna? Don Allah ka amsa mini da wuri.

Ƙanenka,
Gwadabe.


Haɗeja,
Nuwamba, 1955.

Zuwa ga Yaya Baƙo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin da ka ce ya taɓa ka ya sake ka. Mu duk lafiya, an fara yankan shinkafa wajen Auyo.

Na sami amsarka, inda ka ce ƙungiya tana gaba da mutum ɗaya. Na bi maganarka. Muna da wasan gwaji da malaman makaranta, sai na je na sami Haladu a zaurensa yana gyaran komar kamun kifi, na ce ina so ya huta a wannan karon. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "To, shugaba." Bai taɓa kirana da wannan suna ba.

Wasan kuwa bai yi daɗi ba. Da malaman suka ga babu Haladu, sai duk suka taru a kan Ja'afaru. Ya juya nan mutum, ya juya can mutum. Ya yi ta gudu har ya gaji bai buga ko ɗaya a raga ba, su kuma suka ci mu ɗaya. Haladu yana tsaye bayan raga cikin 'yan kallo, hannayensa a baya.

Gari ya rabu biyu. A kasuwa wasu suna cewa na ci amanar surukina, wasu suna cewa ai tuntuni ya kamata. Na aika wa Yaya Asabe da busasshen kifi, ta dawo mini da shi. Iya ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, amma ba ta haifi 'ya'ya don wata fatar akuya ta raba su ba. A wurin aiki ma na kasa natsuwa, ina ta zana mutane goma sha ɗaya a ƙasa da tsinke ina sharewa.

Shekaranjiya aiki ya kai ni tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, na gamu da Kawu, mai tsaron bayan 'yan Nguru, wanda Haladu ya sha wahalshe shi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Wannan aljanin naku yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce to bana mutum biyu za su sa masa, shi da wani. Ashe labarin ƙafar bai kai Nguru ba.

Tun a mota nake juya abin a raina. Zan mayar da Haladu tsakiya, Ja'afaru a hagunsa, in ce wa sauran duk ƙwallon da suka samu su ba Ja'afaru. Haladu ba zan gaya masa ba, don ban san yadda ake ce wa mutum irinsa sunansa kawai ake bukata ba. Na san ba za ka so wannan ba, amma kafin amsarka ta zo an yi wasan.

Naka,
Gwadabe.


Haɗeja,
Disamba, 1955.

Zuwa ga Yaya Baƙo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan karatunka. Ina sanar da kai mun ci 'yan Nguru biyu da ɗaya, kofi yana Haɗeja. Na san za ka yi murna. Ni dai har yanzu tawa ba ta zo ba.

Abin ya tafi yadda na tsara. Kawu da abokinsa suka manne wa Haladu, inda ya sa ƙafa nan suke sa tasu. Haladu yana ɗaga hannu yana kira, mu kuma muna ba Ja'afaru. Duk da haka aka tafi hutu sun ci mu ɗaya, don Haladu yana tsaye a tsakiya yana jiran ƙwallo, masu gadinsa kuma suna kusa da za su tare Ja'afaru.

Muna shan ruwa ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Kai ka hana su ba ni?" Na ci gaba da shan ruwana. Ya dube ni, ya dubi Ja'afaru, ya ce, "Na gane." Na ɗauka fita zai yi ya bar mu.

Yaya, da aka koma, abin da ya yi ban taɓa ganin irinsa ba. Da ƙwallo ta zo ƙafata sai ya kwasa da gudu can gefen dama, yana ihu yana kiran sunana kamar ransa a kanta yake. Kawu da abokinsa suka bi shi. Tsakiya ta zama fili fetal, Ja'afaru ya shiga ya buga, raga ta motsa. Haladu ya sake yi musu haka, suka sake binsa, Ja'afaru ya ƙara. Haladu yana ɗingishi yana gudu, gumi har ya jiƙe masa wando. Gab da tashi sai ƙwallo ta kuɓuce ta faɗo gabansa, daga shi sai raga, mai tsaron gida yana kwance. Ya buga ta tashi sama ta faɗa gonar gyaɗa. Mutane suka yi dariya, har da waɗanda suka zage ni a kasuwa saboda shi.

Aka ɗauki Ja'afaru a kafaɗa har ƙofar gari. Na tsaya na jira Haladu yana ɗaure ƙafarsa da tsumma. Na ce masa shi ya ci mana wasan nan, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce, "Da ka gaya mini tun farko, da tun farko na yi maka. Abin da ka ɗauke ni ke nan, Gwadabe?" Ya miƙe ya bi hanyar bakin kogi shi kaɗai.

Ka rubuto mini. Ka gaida duk wanda ya san ni.

Ƙanenka,
Gwadabe.


Haɗeja,
Janairu, 1956.

Zuwa ga Yaya Baƙo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyi a can? Iya tana ta ƙirga lokacin dawowarka.

Na yi yadda ka ce, na je na ba Haladu haƙuri a gaban Iya. Ya ce ya wuce. Muna gaisawa, amma ya daina zama a ƙofar gidanmu bayan la'asar.

Ana saura kwanaki mu yi wasa da 'yan Gumel ya zo fili da kansa, ya ce a gaban kowa, "Dabarar nan ta ƙare, yanzu kowa ya san ƙafata. Ku mayar da ni baya. Babu abin da ɗan gaba zai yi da ban riga na yi ba." Na mayar da shi. Ranar wasan, ɗan gabansu da ake ta tsoro bai sami inda zai juya ba, kafin ya motsa Haladu ya riga ya tsaya inda za shi. Sai dai mu ma ba mu ci ba, don duk sun koma kan Ja'afaru. Aka tashi babu ci. Har yanzu ban san wanda zan sa kusa da shi ba.

Da daddare na shiga gaida Yaya Asabe, ta karɓe ni, har ta kawo mini kunu. Ta ce, "Yau ba a yi wasan ba ne?" Na ce an yi. Ta ce ita shekaru tana daga tsakar gida take sanin abin da ake ciki, in ta ji gari ya ɗauka da sunansa sai ta ɗora tukunya da murna, yau kuwa ta yi ta saurare har magariba ba ta ji komai ba. Na ce mata duk filin babu wanda ya kai mijinta wasa yau. Ta ce, "To me ya sa ba wanda ya kira shi?" Na sha kununa na yi mata sallama.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanenka mai kewarka,
Gwadabe.