Shafin da Ban So Kowa Ya Gani Ba

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi. Mu nan lafiya lau. Baba yana shago kullum, Umma ta karɓi sabon tabarau, Auta ya fara rarrafe yana jan wayar fanka. Ni kuma na shiga aji ɗaya na sakandare. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba.

Kawu, maganar Yaya ce. Saura wata uku ta gama kwalejin horar da malamai. Ranar Litinin ta je ta tarar an manna takarda a bakin get, wai hukuma ta janye amincewa da kwalejin, duk shaidar da za a ba su ba za ta yi aiki ba. Ba a kira shugabansu ba, ba a tambayi ɗalibi ko ɗaya ba. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, ta dai zauna tana goge rigar da ta riga ta goge.

Dalilin da suka rubuta shi ne masu bincike sun je wata rana a zangon da ya wuce, suka iske azuzuwa babu kowa, suka ce kwaleji ce ta suna kawai. Alhali lokacin 'yan ajin ƙarshe suna gwajin koyarwa a makarantun firamare, malamansu suna bin su suna dubawa, sauran ɗalibai kuma suna hutu. Mai gadi ya rantse ya gaya musu haka, suka ce ba wurinsa suka zo ba.

Baba ya ce ai hukuma ba za ta yi haka kawai ba. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne suna da matsala, ɗakin karatunsu yana yoyo, malamin lissafi ɗaya ne tak. Ta ce da a kan wannan aka kama su da ba ta da ta cewa, amma ko ita in za ta hukunta yaro a aji sai ta fara tambayarsa me ya faru.

An ba su kwana goma sha huɗu su kai kuka, kuma ana son hujjar da ba daga kwalejin ta fito ba. To a ranar da masu binciken suka je ina aji shida, ƙawar Yaya 'yar ajinsu ce take koya mana lissafi a gwajin koyarwarta. Malaminsu ya zauna a bayan aji, ya karɓi littafina ya duba yadda ta yi maki, ya sa hannu da jan biro, da kwanan wata da sunan kwalejin. Sai dai maki biyu na ci cikin goma a shafin, shi ya sa tun lokacin na cusa littafin ƙarƙashin katifa. Kwana biyu ina jin suna neman hujja, na kasa buɗe baki. Jiya na ajiye wa Yaya shi a kan cinya na gudu kicin. Ta biyo ni tana dariya da hawaye, wai ashe sarauniyar lissafi ce a gidan ba su sani ba.

Kawu, tunda ka daɗe kana aiki a ofishin ilimi, za su karɓi littafin yarinya kuwa? Ainihinsa za mu kai ko a yi hotonsa? Yaya ta ce mai yiwuwa su so ganin mai littafin. Ka san ko a aji ba a jin muryata. Amma in sun kira ni zan je, ka dai faɗa mini yadda ake fara magana a gabansu. Saura kwana tara.

Ka gaishe mini da Anti, da 'Yan Biyu, da Doguwa, da Kaka mai tsokanata. Umma da Baba suna gaishe ku.

Ni ce 'yarka,
Ƙanwar Malama